Firjin da Bai Hau Motar Milud Ba

Milud ya iso da sanyin safiya, kafin masu burodi su buɗe. Ustaza Zuhur ta ji shigowarsa layin tun tana kan sallaya, don duk garin Fakih Bin Salah babu motar da ke tari irin tasa in ta sha doguwar hanya. Ta sallame, ta ɗora ruwan shayi, sannan ta leƙa ta taga. Farar motar tana tsaye a ƙofar gida, kaya a samanta cikin shuɗin tamfol, gaba a kwance, tsakiya a kumbure, baya ya tsuke kamar wutsiyar kifi. Ɗanta kuwa bai ƙwanƙwasa ƙofa ba tukuna. Yana zagaya motar yana taɓa igiyoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar uban da ya dawo yana duba lafiyar yara.

Sana'arsa ke nan. Yakan tattara saƙon 'yan garin da ke neman abinci a Torino ta Italiya, ya ratso Faransa da Sifen, ya hau jirgin ruwa zuwa Tanja, ya gangaro gida ya raba wa iyayensu. Shi kaɗai yake tafiya. Ya ce abokin tuƙi ma kaya ne, kuma kayan da ke cin abinci.

Da ta buɗe ƙofa ya sumbaci kanta, ya ce, "Ustaza, zo ki duba jarrabawa."

Tun yana ajinta a sakandare yake ce mata Ustaza, kuma bai daina ba har furfura ta fara fito masa. Ta gyara mayafi ta zagaya motar. Ta tsaya a baya, ta ɗaga wani lungu na tamfol da ya saki da ɗan yatsa, ta ce sha huɗu cikin ashirin. Ya ce ya gode Allah, don duk zamansa a ajinta takwas bai taɓa tsallakewa ba.

Da hantsi suka karya da msemen, wainar fulawa irin ta ƙasar, da zuma da shayi mai na'ana'a. Bai gama kofin farko ba maƙwabta suka fara sallama, kowa ya zo yi masa barka da hanya, ido na kan tamfol. Dokarsa ce ba ya kwance kaya ran da ya iso, kowa ya sani, kowa kuma sai ya gwada. Lalla Mbarka, wata tsohuwa da ke ƙarshen layi, wadda ɗanta Hmida ke Torino, ta zauna har shayin ya huce. Ta ce Hmida ya faɗa mata wannan karon abin babba ne. Milud ya dubi cikin kofinsa ya ce, "Gobe, Lalla. Kayan ma sai sun huta, sun fi ni shan rana."

Bayan azahar ya kwanta a falo, ya ɗora ƙafar dama a kan matashi. Ya ce sha-raɓarsa tana masa ciwo tun daga Sifen. Ta ce ya je asibiti. Ya ce ƙafar da ta tura mota ƙasa uku ai tana da haƙƙin yin mita. Da la'asar ya tafi gidan wanka, ya biya wajen aski, ya zauna a gidan shayi da baffansa Kaddur, ƙanin marigayi ubansa, wanda ya shafe awa guda yana roƙonsa ya kawo masa tayoyi kyauta. Da magariba suka sha miyar harira su biyu. Ta yi masa zancen aure kamar yadda take yi kowane zuwa, ya amsa kamar yadda yake amsawa: matar ba matsala ba ce, danginta ne ba za su ɗauru ba. Bayan isha ya hau sama.

Washegari bayan asuba ya jingina tsani a jikin mota, ya kwance ƙulli ɗaya, ya sauko ya zauna a bakin ƙofa. Ya ce numfashi ba ya isarsa. Kafin a kai shi asibiti ya cika. Likita ya ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe huhu, abin da dogon zama a kujera ke jawowa. Ustaza ta nemi ya sake maimaita mata bayanin. Ya maimaita, ta gyaɗa kai. Babu inda lissafin ya kuskure.

Milud tun yana yaro ba a zaunar da shi kusa da tagar mota. Hannu yake fitarwa, ya miƙe tafin a tsaye iska ta tura shi baya, ya kwantar da shi ta bar shi ya wuce, ya yi ta yi har direba ya rantse zai sauke su. A makaranta uwarsa ce mai koyar da fiziks, kuma ba ta taɓa ƙara wa ɗalibi rabin maki ba, ko da daga cikinta ya fito. Shekarun da ya yi a gabanta darasi ɗaya tak ya shiga kansa, shi ne na turjiyar iska. Ta ce musu duk abin da ke tafiya cikin iska ko ruwa, akwai ƙarfin da ke riƙe shi yana ja da baya. Ƙarfin yana ƙaruwa da faɗin gaban abin, yana kuma sauyawa da siffarsa. In ka ninka gudu biyu, ba biyu turjiyar ke zama ba, huɗu take zama. Milud ya ɗaga hannu ya tambaya ko shi ya sa Baffa Kaddur ba ya sauri. Ta kore shi waje.

Ya shiga jami'a a Kazablanka, ya yi shekara ɗaya yana gadin kujera, ya haye Italiya. Ya yi dako a kasuwa, ya yi fenti, ya wanke motoci. Ran da ya ga motocin 'yan garinsu suna shirin tafiya gida hutun bazara, kowace an gina mata bene a kai, kujeru ƙafa sama, keke a tsaye, bahon wanka yana fuskantar gaba da baki buɗe kamar mai jiran sadaka, ya ce ranar ya gane abin da Allah ya halicce shi ya gyara.

Daga nan ya zama mai wa'azi. A ganinsa rabin man da mutanen garinsu ke ƙonawa tsakanin Torino da Tanja iska suke ciyarwa. Duk abin da ke da faɗin gaba ba ya hawa saman motarsa, ko na wane ne. Kabad sai an warware shi katako-katako. Katifu su yake kwantarwa a gaba su yi gangara. Shekaru suka yi suna musu da uwarsa a kan bayan kayan. Shi ya ce in goshi ya yi tsini an gama. Ita ta ce in baya ya yanke a tsaye, iska tana murɗewa a wurin ta yi ta jan motar, don haka wutsiya ta fi goshi muhimmanci. Ya ce wannan zancen allo ne. Wata bazara sai ga shi ya iso da baya a tsuke. Maki biyu kawai ta ƙara masa.

Mutane ma haka yake auna su. Ma'aikacin da ke jan ƙafa a ofis, surukin da ya zo kwana biyu ya share wata, mai dogon jawabi a wajen suna, duk turjiya ce a bakinsa. Baffa Kaddur kuwa, mai tumbi da faffaɗar jallabiya, ya ce in aka ɗaura shi a saman mota ba za a kai Tanja ba.

Akwai ɗabi'arsa guda da masu saƙo ba su so, amma suka haƙura. Milud ba ya ɗaure kaya bisa mai shi, bisa siffa yake ɗaurewa. In ka kawo masa kwali ka naɗe da salatif ka rubuta sunan uwarka da manyan baƙi, kana juya baya zai farke shi. Bargonka ya tafi cike gurbi a gaba, takalmanka su shiga cikin injin wankin wani, tukwanenka su haɗiye na wasu ƙanana. Ba ya rubuta komai. A kansa yake riƙe na wane ne wane, kuma bai taɓa kai wa wata cokalin wata ba.

Sai dai lokaci-lokaci iska tana yi masa sata. Wata shekara ya je gidan wata tsohuwa ya ce ta yafe masa, talabijin ɗin da ɗanta ya aiko iska ta fizge a kan wata gada a Sifen. Wata shekara darduma ce, wata keken ɗinki. Ya sha zagi, ya sunkuyar da kai, ya sha shayin gidan ya fito. A gidan shayi ana cewa iskar Sifen ta kusa gama haɗa kayan ɗaki, ango kawai take jira. Ustaza ta tambaye shi sau ɗaya yadda aka yi iska ta zaro talabijin daga ƙarƙashin igiyarsa ta bar tamfol lafiya. Ya ce iskar Turawa ce, ta yi karatu.

Aka binne shi bayan azahar. Aka kafa rumfa a layi, maƙwabta suka kawo kuskus, masu karatu suka yi karatu. Motar kuwa tana nan a ƙofar gida inda ya bar ta, rumfar ma a jikinta aka ɗaure gefe ɗaya. Duk wanda ya zo ta'aziyya sai ya ratsa ta gefenta, ya ce Allah ya jiƙansa, ya ɗan shafa tamfol ya ji ko abin da ke ciki yana da tauri. Ustaza tana ganinsu ta taga. Ba ta ji haushi ba. Kayan mutane ne, amana ce a wuyan ɗanta, kuma ta ƙudura ba za a bar shi da ko allura ba.

Da aka tashi daga zaman makoki ta sa aka sauke komai a tsakar gida. Nan aka ga aikin Milud. Barguna iri ɗaya daga kasuwa ɗaya, duk da hoton damisa, sun kai tsayin mutum. Injin haɗa kofi sun yi layi kamar 'yan makaranta. An buɗe injin wanki aka sami takalman gida biyar a ciki. Kowa ya zo da waya a hannu, ɗansa na can yana ihu daga Torino yana kwatanta nasa bargon, mai damisa. Baffa Kaddur ya naɗa kansa alƙali, ya zauna a kujerar da ba a san mai ita ba tukuna. Ustaza ta kafa doka irin ta aji: mutum ɗaya ke magana, kuma sai ya faɗi abin da ke cikin tukunya kafin a buɗe ta. A hankali tsakar gida ta yi fili. Wasu sun tafi da bargon wasu, amma damisar ɗaya ce, babu wanda ya yi asara.

Lalla Mbarka ce ta rage. Ta samu jakar tufafi da kwalin sabulu, ta ajiye su gefe, ta ce ina firjin. Hmida ya aiko mata firji mai ƙofa biyu, mai famfon ruwan sanyi a ƙirji, har hotonsa yana wayarta. Ta riga ta kai hoton gida-gida, ta riga ta ba jikarta tsohon firjinta. Aka duba mota, babu ko ƙusa a ciki.

Ba ta yi hayaniya a gidan mutuwa ba. A gidan wanka ta yi, inda magana ke fita da tururi ta shiga kowane gida. Kafin mako ya zagayo, garin ya gama yanke hukunci: Milud ya sayar da firjin a Tanja, kuma in an bi diddigi, talabijin da darduma da keken ɗinki duk can suka kwana. Mutuwa ce ta zo kafin ya ɗora wa iska laifin. Matar da ke yi wa Ustaza wanki ce ta kawo mata labarin, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta ƙirƙira.

Ustaza ba ta yi kuka a gabanta ba. Ta sa jallabiya ta tafi gidan Lalla Mbarka, ta gaishe ta, ta nemi ganin hoton. Firjin yana tsaye a cikin shago, fitilu na haska shi, takardar bayaninsa manne a ƙofa. Ta ja hoton ya girma, ta karanta tsawo da faɗi. Ta dawo gida ta ɗauki tef ɗin awon tela ta shiga motar. Milud ya sa an yi masa kantocin ƙarfe a ciki hagu da dama, hanyar tsakiya ko rabin firjin ba za ta ɗauka ba, a tsaye ko a kwance. Saura sama. Ta ga kayan saman da idonta ran da ya iso, ta ma ba su maki, babu ramin da aka zare wani abu. Kuma ta san ɗanta. Zai iya mantuwa da salla a hanya, zai iya yi wa baffansa rashin kunya, amma ba zai ɗora akwati mai faɗin ƙofar masallaci a kan motarsa ya ratsa ƙasa uku ba.

Ta karɓi lambar Hmida a wajen jikar tsohuwar ta kira shi. Shi ma ɗalibinta ne a da, kuma muryarta kawai ya ji ya koma ɗan aji. Ya yi mata ta'aziyya doguwa. Ta bari ya gama, sannan ta tambaye shi ta wace ƙofa firjin ya shiga motar.

Ya fara kame-kame. Sannan ya ce rabonsa da aiki tun sanyin bara. Ɗaki ɗaya suke kwana su shida. Uwarsa ta dame shi da zancen firjin maƙwabciya, ya shiga shago ya ɗauki hoto don ta bar shi ya huta, magana ta fi ƙarfinsa. Da ya gaya wa Milud, Milud ya zage shi tas, sannan ya ce ya bar masa.

"Ya bar masa ya yi yaya?"

"Zai ce iska ta ɗauke, Ustaza."

"Firji."

"Shi ma ya ce wannan karon sai dai ya ce guguwa."

Ta tambaye shi talabijin fa, da darduma, da keken ɗinki. Ya ce babu wanda ya taɓa hawa mota. Duk wanda ya yi wa gida alkawarin da ya fi aljihunsa, Milud yake samu. Milud ya ce shi zagin tsohuwa ba ya kama shi, jikinsa sulɓi gare shi, ta gefe yake wucewa. Hmida ya fara kuka, ya ce zai kira uwarsa ya faɗa mata gaskiya, yau ɗin nan. Ustaza ta ce to.

Bai kira ba. Ta ba shi mako guda, kamar yadda take ba masu aikin gida, ba ta kuma yi mamaki ba.

Yanzu zaɓi ya rage nata. Tana iya zuwa gidan wanka ta faɗi abin da ta sani, da awo da hujja, sunan ɗanta ya wanku kafin ruwa ya huce. Amma ranar Lalla Mbarka za ta san ɗanta ba shi da ko na burodi, ita da ba ta da abin tinƙaho a duniya sai Hmida. Mai talabijin ma za ta sani, da mai darduma, da mai keken ɗinki. Abin da Milud ya yi shekaru yana shan zagi don ya rufe, ita za ta yaye shi a wuni ɗaya. Tana kuma iya yin abin da ya yi niyya, ta ce guguwa ce. Ta gwada faɗin haka ita kaɗai a kicin, bakinta ya ƙi. Rabin garin a ajinta suka koyi abin da iska ke iya ɗauka da abin da ba ta iyawa. Yin shiru kuwa, shi ne ta bar shi a kabari da sunan ɓarawo.

Ana cikin haka Baffa Kaddur ya zo zancen gado, da carbi a hannu da fuskar tausayi. Ya ce ya tambayi masu sani. Tunda marigayin bai bar ɗa ba, bai bar mata ba, ba uba ba ɗan'uwa, ita uwa tana da kashi ɗaya cikin uku, saura nasa ne, ba don yana so ba. Suka hau sama duba dukiya. Katifa ɗaya ce a ƙasa, jallabiya biyu a ƙusa, da igiyoyi a naɗe a jikin bango, kowace da ƙugiyarta. Kaddur ya buɗe tagar ɗakin ya rufe, ko akwai wani abu a bayanta. Ya ce yaron nan ya yi shekaru yana jigilar kayan duniya, shi ko kujera bai ajiye ba.

Mota ce kawai dukiyar, kuma Kaddur ya daɗe yana mafarkinta. Ya fara bayanin yadda mota ba ta rabuwa uku, in dai ba so take a cire mata taya da ƙofa ba.

"Malam Kaddur, ba na son taya. Firji nake so."

Ta nuna masa hoton, wanda jikar ta turo mata. Ya je Kazablanka ya nemo irinsa sak, ƙofa biyu, famfo a ƙirji, in ya kawo, motar ta zama tasa duka. Kaddur ya lissafa a ransa, fuskarsa ta washe, sannan ya tuna yana makoki ya mayar da ita. Ta ce da sauran sharaɗi. A saman mota zai ɗauko shi, a tsaye, ba tamfol. Ranar kasuwa zai shigo, ta babban titi, ya wuce ta gaban gidan shayi da gidan wanka, kuma a hankali. Ya tambaye ta dalili. Ta gaya masa rabin da ya ishe shi, ta ce sauran in ya fita daga bakinsa, za ta nemi kasonta a tayoyi.

Ranar kasuwa da hantsi motar Milud ta shigo gari da firji a kai, fari fat, tsaye kamar liman. Mutane suka fito daga shaguna. Kaddur ya sauko a ƙofar Lalla Mbarka yana share gumi, ya ce tun daga Kazablanka kamar wani ya riƙe masa riga ta baya, ya taka mota ta ƙi, mai kuwa ta sha kamar raƙumi, sau biyu iska ta nemi ta kai shi rami. Ya ce ashe yaron nan ba surutu kawai yake ba.

Ustaza tana tsaye a gefe. Ta riga ta auna abin da za ta faɗa, babu ƙari babu ragi. Ta ce, "Lalla Mbarka, ga firjin da Hmida ya yi miki alkawari."

Tsohuwa ta tambayi inda ya maƙale duk kwanakin nan. Kaddur, wanda ƙarya ba ta taɓa yi masa nauyi ba, ya ce a Kazablanka marigayin ya ba da ajiyarsa saboda girma, da niyyar komawa. Ustaza ta dubi ƙasa. Mata suka yi guɗa. Wata ta ce ita dama ba ta taɓa yarda da zancen ba, kuma ita ce ta fi kowa yaɗa shi.

Ƙarti huɗu suka sauke shi. Lalla Mbarka ta zagaya shi tana shafawa, ta buɗe ƙofa ta rufe, ta danna famfon. A gefen hagu ta tsaya. Igiyar Kaddur ta ci fenti, ta bar zane mai tsawon hannu. Ta lasa yatsa ta goga, bai fita ba. Ta girgiza kai.

"Allah ya jiƙan Milud," ta ce. "Yaron kirki, ba ya cin amana. Ɗauri ne dai Allah bai ba shi ba."

Matan suka ce wallahi haka ne, ai ga iska ma kullum tana kwashe masa kaya. Ustaza ta buɗe baki. Kaddur ya dube ta, ya ɗan matsa bayan mota. Ta tsaya haka kamar mai shirin kiran suna a aji, sannan ta ce amin.

Firjin bai shiga ƙofar ɗakin Lalla Mbarka ba, don babu wanda ya auna ta. A tsakar gida aka girke shi, aka jawo masa waya ta taga, kuma da rana ta fara dukansa tsohuwa ta aiko a tambaya ko akwai abin rufawa. Ustaza ta aika mata da shuɗin tamfol. Jallabiyoyin biyu ta ba mai hura wutar gidan wanka. Katifar ta tafi gidan matar da ke mata wanki. Motar tana wajen Kaddur, ya sa ɗan matarsa yana kai tumaki kasuwannin ƙauye da ita. Kaddur ya dawo neman igiyoyin, ya ce ai kayan mota ne, da su aka yi ciniki. Ta ce ba ta tuna an ambace su ba, kuma wanda ya yi wa firji wancan zanen ba shi da abin da zai yi da igiya mai kyau. Suna nan a bangon ɗakin sama, ta hana a taɓa.